Koci ya ce kada ta kai ƙara gida: in yi magana ko in cire ta?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce a nan cikin garin Bauchi. 'Yata ta fari shekararta 11, tana wasan jimnastik, wato alkafura da lanƙwasa jiki, tun tana aji uku na firamare. Bara aka saka ta cikin masu shiga gasa, tun daga nan na kasa gane kan wurin. Saƙon canjin lokaci sai dare ya yi yake shigowa zauren WhatsApp, zauren kuma a kulle yake, koci kaɗai ke rubutu. Sai a ce a kawo kuɗin kaya ko na tafiya, ba bayani ba rasit. An hana iyaye shiga ɗakin atisaye. Abin da ya fi ƙona min rai, an fitar da sunayen waɗanda za su je gwajin zaɓen 'yan wasan jiha babu nata, kuma ba wanda ya ce min uffan. Ga wuyan hannunta yana ciwo kusan wata guda, sai shekaranjiya ta faɗa min, wai koci ya ce su daina kai ƙarar ƙananan ciwo gida don kada a hana su zuwa. Babanta ya ce a cire ta kawai, kakarta dama tun farko ba ta so. Ita kuwa ranta yana kan wasan nan. Ina tsoron in yi magana a ɗora mata karan tsana, kuma ban san wani wurin ba a garin nan. Me zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su.

Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma zan sauya mata tsari. Kin ce rashin sunanta a jerin shi ya fi ƙona miki rai, kin ajiye maganar hannu a can ƙarshe. Ni da hannun zan fara, domin duk cikin abubuwan da kika lissafa shi kaɗai ne ba ya jira.

Yarinya mai shekara 11 ƙashinta bai gama ƙosawa ba. A ƙarshen dogon ƙashin hannu, dab da wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, akwai guringuntsi mai taushi, daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo. Mai jimnastik kuwa tafin hannunta ƙafa ne na biyu: a kansa take tsayuwa, a kansa take dira, da shi take tunkuɗa jikinta sama, sau tari a rana guda. Idan nauyin ya yi yawa guringuntsin nan yakan ƙuje ya kumbura. Likitocin ƙashi sun san ciwon sarai, har da sunan wasan suke kiransa, kuma ya fi kama yara daga wajen shekara 10 zuwa 14. In an gano shi da wuri, maganinsa hutu ne: a ɗauke wa hannun nauyi na makonni, galibi shida ko fiye, sannan a dawo a hankali. In aka yi ta dannawa a kan ciwo, wurin girman yana iya rufewa kafin lokacinsa, ƙashi ɗaya ya tsaya, ɗan'uwansa na gefe ya ci gaba da tsawo, wuyan hannun ya zame mata abin jinya har girmanta.

Ban ce lallai shi ke damun 'yarki ba, likita ne zai faɗa. Amma ciwon wata guda ya wuce a kira shi ƙaramin ciwo. Daga yau kada ta sake dafa ƙasa da hannun nan. Ki kai ta sashen ƙashi, ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa nan kusa da ku, ki gaya wa likita ƙarara irin wasan da take yi da kwana nawa take yinsa a mako, a ɗauki hoto in ya ga da bukata. Na san abin da za a fara ce miki a gida: targaɗe ne, a kai ta wajen mai ɗori ya ja. Kada ki yarda a ja ko a murza mata hannun kafin likita ya gani. Man zafi da bandeji kuma ɓoye ciwo suke yi ta koma fili, ba sa warkar da shi. Ki roƙi likita ya rubuta miki sakamakon a takarda, za ta yi miki amfani a gaba.

Sai maganar da ta fi hannun nauyi a wurina, wato cewa da aka yi kada su faɗa a gida.

Ina kyautata wa kocin nan zato. Mai yiwuwa shi ma haka aka horar da shi, ya tashi yana ganin dauriya ita ce ado, yana kuma tsoron iyaye su kwashe masa yara saboda ɗan ƙurjewa. Duk da haka maganar ba ta karɓuwa, ko da kyakkyawar niyya aka yi ta. Yaron da aka koya wa ɓoye ciwon hannu an koya masa ɓoye duk abin da zai faru a ɗakin nan. Wannan wasa kuwa ya sha ɗanɗana kuɗar irin wannan shirun a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki da kuɗi nesa ba kusa ba. A Amurka, likitan tawagar ƙasar, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da yara 'yan wasa da sunan magani. A watan Janairun 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu a jihar Michigan suka ba da labarinsu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Daga cikinsu akwai waɗanda suka yi magana tun da wuri ba a saurare su ba. A Birtaniya ma, binciken da lauya Anne Whyte ta jagoranta, wanda aka fitar a watan Yunin 2022 bayan karɓar bayanai sama da 400, ya gano yara da ake sa su atisaye da rauni a jiki, da waɗanda ake hana su ruwa ko zuwa banɗaki, da waɗanda ake ta ɗora su a sikeli ana muzanta su. Abin da ya sa ya daɗe ba a tanka ba shi ne tsoro, irin wanda kika rubuto min da shi: in na yi magana za a huce a kan ɗana.

Ban kawo waɗannan don ki zargi bawan Allah da abin da bai yi ba. Na kawo su ne don ki san tsoron da kike ji ba dalilin yin shiru ba ne. Kuma na lura 'yar fari ce. Mu nan an san mu da kunyar ɗan fari, uwa ta ga abu ta kawar da kai don kada a ce ta cika rawar ƙafa a kan ɗanta. Kawaici abu ne mai kyau, amma ba a yinsa da lafiyar yaro.

Kafin ki je wajen koci, ki zauna da ita. Kada ki yi mata faɗan me ya sa ta ɓoye, ta riga ta sha fama da kanta wata guda kafin ta buɗe baki. Ki gode mata. Ki ce mata, duk wani babba da ya ce kada ki gaya wa Mama, to wannan abin shi za ki fara gaya min, kuma ba za ki taɓa shiga laifi don kin faɗa ba. Sannan ki tambaye ta a hankali, kuna cikin wani aikin, ba kamar mai tuhuma ba: ana barinsu su sha ruwa? Ana duka ko zagi? Ana yi musu maganar ƙiba ko hana su abinci? An taɓa tsayar da ita ita kaɗai bayan an tashi? Akwai wanda ke turo mata saƙo ko ya yi mata kyauta a ɓoye? Ki bayyana mata cewa a wannan wasa dole koci ya riƙe ɗalibi a baya ko kafaɗa ko ƙugu don kada ya faɗi, wannan aikinsa ne, amma a gaban mutane ake yi, kuma duk taɓawar da ta ji ba ta yi mata ba tana da ikon cewa a'a. In amsoshinta suka nuna duka, ko horo da yunwa, ko taɓawar da ba ta dace ba, to babu sauran zaman sulhu. Ki cire ta ranar, ku kai maganar ga hukuma, ku kuma sanar da sauran iyaye.

In ba haka ba ne, kuma ina fatan ba haka ba ne, to sauran matsalolin duk masu gyaruwa ne, sai dai ki rarrabe naki da nasa.

Zaɓen wanda zai je gasa nasa ne. Kina da haƙƙin a yi miki bayani, ba ki da haƙƙin a sauya jerin don ke. Iyaye da yawa suna shiga ruɗani a nan saboda ido yana ganin alkafura, alƙali kuwa wani abu daban yake dubawa. A tsarin duniya tun 2006 aka daina makin nan na 10 cif da Nadia Comaneci ta yi suna da shi a Montreal a 1976. Yanzu maki biyu ake haɗawa, na wahalar abin da aka yi da na tsabtar yinsa. Na biyun daga 10 yake farawa ana zaftarewa: ƙaramin kuskure 0.1, matsakaici 0.3, babba 0.5, faɗuwa kuma maki 1 cur. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙafafu sun rabu a sama, an ƙara taku wajen dira, duk ana cirewa. Don haka yarinyar da ke juyi biyu tana tangaɗi sai ta zo bayan wadda ta yi ɗaya tsaf. Ga kuma cewa na mata fanni huɗu ne: tsallake tebur, sanduna biyu masu bambancin tsawo, gungumen daidaito, da filin ƙasa. Mai haɗa tawaga yana neman wadda za ta toshe masa gurbin da yake da rauni. Kuma kada ki cire yiwuwar cewa ya lura da hannun nata, shi ya sa ya ajiye ta. In haka ne ya yi daidai da ya ajiye ta, ya yi kuskure babba da bai kira ki ba.

To tambayar da za ki yi masa ba "me ya sa ka cire 'yata" ba ce. Ki ce, Malam, me ya rage mata, kuma me za ta gyara kafin zaɓe na gaba? Koci na gari yana jin daɗin wannan tambayar, zai lissafa miki abu biyu ko uku nan take. Wanda ya kasa amsawa, ko ya ce ke ba ki san wasan ba, ya gaya miki wani abu game da kansa.

Ki kuma kwantar da hankalinki a kan lokaci. Gasar wasannin matasa ta ƙasa, wadda aka yi ta shekaru a Ilori kafin ta koma Asaba a 2023, ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce. A matakin duniya mace ba ta shiga sahun manya sai a shekarar da za ta cika 16. 'Yarki tana da sauran shekaru a gaba, rasa zaɓe ɗaya bai rufe mata ƙofa ba. In ta yi kukan hutun da likita zai ba ta, ki ba ta labarin Simone Biles, shahararriyar 'yar jimnastik ta Amurka, wadda ta janye daga yawancin wasanninta a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda ta ji kanta da jikinta sun daina jituwa in tana sama, aka yi ta surutu, ta dawo a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta ɗauki zinare uku da azurfa ɗaya.

Jikinta, da kuɗinku, da lokacinta, da wanda zai kwana kusa da ita a tafiya, waɗannan naku ne ke da babanta, ba alfarma ake yi muku ba in an yi bayaninsu.

Maganar ƙofa tana da fuska biyu. Gungumen da yaran ke tafiya a kai faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsayinsa daga ƙasa a ma'aunin gasa santimita 125. Yarinya tana kai, uwa ta ƙwala mata kira daga gefe ko ta ɗaga waya tana ɗauka, waiwaye ɗaya ya isa ya jawo karaya. Akwai kuma iyayen da ke zama koci na biyu daga kan benci. Saboda haka hana iyaye tsayawa a bakin katifa yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne a ce babu idon kowa a ɗakin sam. Ƙa'idar da Amurka ta kafa bayan abin da likita Nassar ya aikata mai sauƙi ce: kada babba ya keɓe da yaro inda ba a ganinsu kuma ba a iya shigowa, kada kuma ya yi wa yaro saƙo shi kaɗai ba tare da wani babba a ciki ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, addininmu da tarbiyyarmu sun riga su faɗa. Ki nemi a bar taga a buɗe, ko a ajiye benci a can ƙarshen ɗaki iyaye mata biyu su riƙa zama bi da bi, da sharaɗin ba magana ba ɗaukar hoto.

Saƙon dare da kuɗi ba rasit kuwa, sau da yawa rashin tsari ne ba mugunta ba. A garuruwanmu mai koyar da irin wannan wasa galibi mutum ɗaya ne, shi ne koci, shi ne akawu, shi ne mai shara, ɗakin ma wataƙila aro ne, in an ba da shi haya don biki ko taro sai dai ya ji da yamma. Wannan bai sa ya zama daidai a tashe ki ƙarfe goma na dare a ce gobe da safe ba, alhali akwai boko, akwai Islamiyya, akwai kuɗin Keke Napep da ba a tanada ba. Amma yana nuna maganin: a rage masa kaya. Ku iyaye ku fitar da mutum biyu ko uku. Ɗaya ya zama mai kula da zauren tare da koci, a fitar da jadawalin wata tun farkonsa, a yarda cewa duk canji a sanar kwana ɗaya kafin nan in ba larura ba. Ɗaya ya riƙe littafin kuɗi, a daina ba yara kuɗi a hannu su kai, a riƙa turawa ta banki ko a rubuta rasit. Duk kuɗin tafiya a warware shi: nawa ne mota, nawa masauki, nawa abinci, nawa rajista, kuma in da sunan jiha za a je, wane ɓangare hukumar wasanni ta ɗauka. Koci mai gaskiya littafin nan kariya ne gare shi, domin inda babu lissafi zargi ba ya ƙarewa.

Tafiya ma haka. Daga Bauchi zuwa Asaba ba nan kusa ba ne. Kafin ki sa hannu a kowace takarda ki san mace babba da za ta raka 'yan matan, ki karɓi lambarta, ki san inda za su kwana da wanda zai biya in an kai yaro asibiti. In babu mace a tafiyar, 'yarki ba ta zuwa, ko da sunanta ne na farko a jeri.

Yadda za ki same shi yana da muhimmanci. Kada ki tare shi a bakin ƙofa yara na kallo, kada ki aika yarinya da saƙo, kada kuma ki fara da zuga iyaye a bayan idonsa, zai ji an yi masa taron dangi ya ƙi sauraro. Ki tura masa saƙo ki nemi ya ba ku lokaci a ranar da ba atisaye. Ku je ke da maigida, ba da yarinyar ba. Ku gaisa sosai, ku yi masa sannu da ƙoƙari, ku faɗi alherin da kuka gani, domin shekarun da ya yi yana koya mata ba ƙarya ba ne. Sannan ki miƙa masa takardar likita ki ce: Malam, amana muka ba ka, mun kuma gode. Ga abin da likita ya ce. Abu ɗaya muke roƙo, duk ranar da ta ji ciwo, komai ƙanƙantarsa, a kira mu a ranar, kuma a gaya wa yaran a gabanmu cewa babu abin da ake ɓoye wa iyaye. Bayan wannan sai ku kawo maganar benci da jadawali da lissafi, ku ce a shirye kuke ku taimaka. Maganar jerin sunaye ta zo a ƙarshe. In kun koma gida ki rubuta masa gajeren saƙon godiya ki jero abin da kuka amince a kai, don ya zauna a rubuce.

Daga nan sai ki sa ido na 'yan makonni. In ya karɓi takardar likita, ya ba ta atisayen ƙafa da ciki da miƙa jiki wanda ba ya taɓa hannu, ya bar ta cikin ƙawayenta, to kin sami malami, ki riƙe shi da mutunci, kada kuma ki riƙa kushe shi a gabanta. In kuwa ya daina kula ta, ko ya riƙa yi mata habaici a gaban yara, ko ya ce ta zaɓa tsakaninsa da likita, to karan tsanar da kike tsoro dama yana nan, maganarki fito da shi kawai ta yi. Sai ku kai ƙorafi a rubuce ga shugaban makarantar ko mai wurin, in bai yi ba ku wuce ƙungiyar wasan ta jiha da hukumar wasanni. Ku tambaye su ko akwai wani mai koyarwa. Garin Bauchi da ya karɓi bikin wasanni na ƙasa har sau biyu, a 1991 da 2000, ba zai rasa tsofaffin 'yan wasa da malaman motsa jiki da za a tuntuɓa ba. In ma ba a samu ba, gara ta yi shekara tana jira da ta ci gaba a hannun wanda ke hukunta yaro don ya gaya wa uwarsa gaskiya.

Babanta ba laifi ya yi ba da ya ce a cire ta, kishin 'yarsa ne. Amma ki nuna masa abin da yarinyar za ta koya in aka cire ta a wannan makon: na faɗa wa Mama, aka raba ni da abin da nake so. Gobe in wani abu ya same ta a makaranta ko a unguwa, za ta tuna. Ki roƙe shi ya jinkirta hukunci har a ji daga likita, a kuma zauna da koci yana wurin ya gani da idonsa. Hajiya kakarta kuma ki bi ta da ladabi ki ji ainihin abin da ke damunta. In sutura ce, dokar wasan ta yarda da kaya mai rufe ƙafa har idon sawu, 'yan wasan Jamus mata sun saka shi a gasar Turai da ta Tokyo a 2021, don haka kina da bakin neman a bar 'yarki ta saka irinsa. In tsoron karaya ne, ki gaya mata matakan da kuka ɗauka, ranar da aka ajiye bencin nan kuma ki tafi da ita ta ga jikarta.

Ki fara da asibiti gobe da safe in Allah ya kai mu, ki kuma rubuto min abin da likita ya ce da yadda zamanku da koci ya kaya. Allah ya ba ta lafiya.